Agogon Bangon da Na Ƙi a Gyara

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Hajara ce daga Plumstead, a birnin Landan.

Duk shekara idan aka mayar da lokaci baya da awa guda a farkon hunturu, kamar yadda ake yi a nan, maigidana ne ke hawa kujera ya gyara agogon bango. Bana ya rasu, na bar agogon yadda yake. Duhu kan shigo ƙarfe huɗu, agogon na nuna biyar, sai in ji sanyi a raina. Amma ba na cin abinci, barci kawai.

Jiya 'yata ta ce, "Umma, agogon nan ya sa kin yi awa guda a ƙofar likita cikin sanyi. Zan gyara." Na riƙe kujerar ina kuka.

Jama'a, in bar ta ta hau, ko in jira watan Maris a mayar da lokaci gaba, agogon ya daidaita da kansa?