Malamin Bayan Aji

A tashar Ɗanbatta ana jiran mota ta cika, sai wata mata ta lura da garin alli a hannun rigar mutumin da ke kusa da ita.

"Malam, koyarwa kake yi ne?"

"Eh, Hajiya, a firamaren bayan kasuwa. Aji uku."

"Ikon Allah! Ai 'yata Ramlat ajinku take. Ta ce ku biyu ne, ɗaya yana gaban allo, ɗaya yana zagayawa ta baya yana duba rubutun yara."

"Haka muka saba da Malam Khalilu."

"Don Allah ka gaishe min da shi. Jiya ma shi ya gyara mata riƙon fensir."



"Hajiya, tun kafin azumi muka binne Khalilu."

"Haba, Malam! Sai bayan Sallah fa na sa ta a makarantar. A ina ta san shi?"

"Ban sani ba. Ni dai in na kai rabin darasi, inda ya saba karɓa, sai yaran su juya gaba ɗaya suna kallon bayan aji."

"Kai kuma sai ka yi yaya?"

"Sai in ajiye alli, in jira ya gama."