Baƙin Fenti a Farcena

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Haleluya!

Sunana Bitrus. Yawancinku kun san ni da 'yar farar motar da nake jigilar fasinja tsakanin Illela da Sakkwato. Yau ba shaidar ciwo na kawo ba. Ubangiji ya cece ni ne daga wata ƙazanta da har yanzu in na tuna sai in ji kamar in tofar da yawu, kuma daga bakina ta fito.

Bara, kafin zafi ya shigo, na sayi sababbin shokozoba biyu na baya a wani babban shago a Sakkwato. Ga wanda bai san mota ba, shi ne ƙarfen da ke shanye girgiza in taya ta faɗa rami. Aka ba ni takardar garanti ta shekara guda, har da hatimi. Matata Saratu ta sa ta a leda, ta ajiye tare da takardar aurenmu.

Ko wata huɗu ba a yi ba, suka fara zubar da mai. Mota ta koma tafiyar raƙumi. Wata mai tallar nono ta ce mini in ta shiga motata da ƙwaryarta, kafin mu isa man shanu ya tashi.

Na ɗauki takardata na koma shagon. Manajan yana zaune a sanyin na'ura, bai ko leƙa motar ba. Ya ce, "Ai wannan yanayi ne. Zafin Illela ya yi yawa, shi ya cinye robar. Garantinmu bai shafi yanayi ba, duba ƙasan takardar."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ka sayar mini, a Jos na ce maka nake zaune?"

Ya yi murmushi ya koma danna wayarsa. Sau uku ina komawa, sau uku ana ce mini yanayi. Tir! Na tsani mutumin nan, na tsani kalmar nan. Babu wanda ban ba labarinsa ba a tasha, har a taron zumuntar maza sai da na tsine wa halinsa.

To, ku saurari abin da mai tsinuwar ya yi.

Na gaji da motar, na ce sayar da ita zan yi. Na shiga ƙarƙashinta, na wanke man da fetur, na fesa wa shokozoban baƙin fenti. Suka yi ƙyalli kamar yau aka fito da su daga kwali.

Mai saye ya zo: Malam Buba, wani Bafulatani mai shanu a Garu, wanda na daɗe ina ɗauka. Mahaifiyarsa, da kowa ke kira Inna, ta faɗi ta karye a ƙugu, ana kai ta asibiti Sakkwato a kai a kai, kuma motar haya tana wahalar da ita. Don ita yake son motar.

Ya zagaya ta, ya danna bayanta da hannu biyu ya saki. Ta yi ta rawa ba ta tsaya ba. Ya ce, "Malam Bitrus, mi ya sa take rawa hakanga?"

'Yan'uwa, ba tare da na yi tunani ba na ce, "Yanayi ne, Malam. Zafi ne kawai. In damina ta sauka za ta daidaita."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Awo. Ni ba ni kai ta wurin makanike, ku mutanen coci ba ku ƙarya ga ciniki. Jibi in na sai da bijimi sai in zo in ɗauka."

Washegari da safe muka durƙusa addu'ar iyali. Saratu ta kama hannuna, sai ta ce, "Baban Talatu, wannan baƙin na mene ne a farcenka?" Na ce maiƙon inji ne. Ta ce to, yi mana addu'a.

Na rufe ido zan fara addu'a. Kalmar nan ta "yanayi" kawai nake ji a kunnena, da muryata, ba da muryar manajan ba. Shi manajan ai bai san ni ba. Ni kuwa na san Buba, na san Inna, na san kowane rami a hanyar Garu. Na kifa goshi a tabarma na ce, "Ya Ubangiji, mutumin da na tsana, ga shi na zama shi, har na fi shi. Ka wanke bakina!" Na yi kuka a gaban 'ya'yana.

A ranar na tafi Garu. Na tarar ana juya Inna a kan tabarma, tana nishi tana kiran sunan Allah. Na ja Malam Buba bayan mota, na kankare fentin da makulli, na shafo mai baƙi ƙirin a yatsana na nuna masa. Na ce, "Ba yanayi ba ne. Sun mutu ne, ni na fesa musu fenti."

Ya daɗe yana kallon yatsan. Ya ce, "Da cikin wagga za ni sa tsohuwata? Ashe har da kai." Na miƙa masa hannu, bai karɓa ba. Ya ce, "Tashi ka tai."

Ciniki ya lalace, kuma shagon nan har yau bai gyara mini komai ba. Na nemi wasu shokozoba na hannu masu kyau aka ɗaura mini. Bayan mako biyu na koma Garu, na roƙi Malam Buba ya bar ni in kai Inna asibiti. Ya danna bayan motar, ta tsaya cak. Bai yarda ba, sai da ya kwanta a ƙasa da babbar rigarsa, ya kankare ƙarfen da wuƙarsa. Ya ce, "Bakinka dai ba ni ƙara yarda da shi sai na gani." Na ce haka ya kamata.

Muka shimfiɗa mata katifa a kujerar baya. Na tuƙa a hankali, ina kauce wa rami ina addu'a. Mun yi nisa sai na ji Inna ta daina nishi, na ɗauka wani abu ya same ta. Malam Buba ya waiwaya, ya taɓa hannuna, ya ce a hankali, "Rage rediyon. Ta yi kwana."

Inna ta yi barci har ƙofar asibiti. Yabo ga Ubangiji!

Na gode wa Yesu da bai bar ni na kai jibi ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka fesa wa fenti, ka dogara ga Yesu, ka je ka kankare tun kafin a kwantar da uwar wani a kai. Amin.