Baba Sannu-Sannu da Gadar Ƙarfe

Shugaban ƙungiyar makarantun koyar da tuƙi, wakilin ofishin ba da lasisi, babbar jami'ar jinya ta asibitinmu da direbobinta, dattawan unguwa, ƙanin marigayi wanda yanzu shi ne uba a gidan, 'yarsa tilo da maigidanta da 'ya'yansu, maƙwabta, da ku ɗalibansa da kuka cika kujerun baya har wasu na tsaye, ina yi muku sallama, ina kuma yi mana gaisuwar wannan rashi baki ɗaya.

An ce in yi magana a madadin waɗanda ya koya wa tuƙi. Ina jin an zaɓe ni ne don na fi kowa daɗewa a hannunsa. Abin da wasu suka koya cikin 'yan makonni, ni sai da na kusa cinye shekara, na kuma ƙona masa kuloci. Daga baya ya ɗauke ni aiki, na zama malama a makarantarsa. Amma ba saboda ɗalibai kaɗai na tsaya nan ba. Ya bar mini saƙo zuwa ga 'yarsa, wadda suka yi shekaru zumuncinsu na sanyi ba tare da ta san dalili ba, kuma ya ce a gaban jama'a yake so a isar da shi.

Mu dai Baba Sannu-Sannu muka san shi, don kalmar da ta fi fita daga bakinsa ke nan. Ya kasance mutumin da bai taɓa yi wa ɗalibi tsawa ba, ko da ɗalibin ya nufi katanga da shi. Ya kasance ba ya sa hannu a takardar wanda bai ƙware ba, ko ɗan wane ne, ko wa ya yi waya. Ya kasance shi ke horar da direbobin motar ɗaukar marasa lafiya a ranakun hutunsa, yana koya musu yadda za su yi sauri ba tare da sun jijjiga mai karaya ba. Motar koyo tana da birki biyu, ɗaya na ɗalibi, ɗaya na malami. Shi ya kasance yana naɗe ƙafarsa a ƙarƙashin kujera, nesa da nasa birkin, ya ce maka, "Ina nan, amma kai ke tuƙi." Mu da muka zauna kusa da shi mun san irin ƙarfin zuciyar da wannan ke sa wa mutum.

Akwai kuma tambarin da ya bar mana, wanda duk kuka sani. Duk wanda ya koya a hannunsa, da ya iso shataletalen da ke gaban gadar ƙarfe, hannunsa zai kunna sigina da kansa, ya zagaya, ya juyo gari. A nan kowane darasinsa ke ƙarewa. Masu gwajin lasisi da haka suke gane mu. Babbar jami'ar jinya na nan, ta shaida: akwai direbanta da ya zagaya shataletalen nan da mara lafiya a baya, sai da ta daka masa tsawa ya tuna cewa babban asibiti a ƙetare yake. Ga shi can yana sunkuyar da kai, ba zan kama suna ba.

In muka tambaye shi dalilin da ba ma hawa gadar sai ya ce, "Gada ai miƙaƙƙiyar hanya ce, me zan koya muku a kai?" Mun ɗauka salon koyarwa ne, muka yi dariya, muka wuce.

'Yarsa, wadda yake kira Uwata, ta yi aure ta koma ƙetaren kogi. Mahaifiyarta ce ke shiga bas ta je, ta kai gaisuwarsa, ta dawo da labarin jikoki. Da Allah ya karɓi ran mahaifiyar, sai gidan ya koma na mutum ɗaya. Waɗanda suka leƙa shi a lokacin sun gani: kofi ɗaya a kan tebur, kujera ɗaya da ta lotse, rediyo na ta magana ba mai kula shi. Ranar hutu sai ya fito da motar koyo ya wanke ta, ta bushe, ya sake gogewa. Ba ya son a tashi daga ofis. Sai ya ƙirƙiro aiki, ya ce a duba iskar tayoyin da aka duba da safe, don dai kada ya koma ya buɗe ƙofa ya yi sallama ba mai amsawa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ƙanwata, 'yar Baba, kin yi iya ƙoƙarinki. Kin zo da yara, kin sake zuwa, kin roƙe shi ya zo ko da wuni ɗaya ne. Kullum da uzuri: mota na gareji, ɗalibai sun yi yawa, sai wani makon. Ina ofis ranar da muryarki ta fito ta waya har ina ji: "Baba, ka koya wa rabin gari tuƙi, amma ka kasa zuwa ka ga inda nake kwana?" Ya ce, "Zan zo, Uwata." Kika haifi autarki, bai zo ba. Daga nan kiran ya ragu, zuwan ma ya ragu, kuma babu wanda zai ga laifinki.

Wata safiya bara na iso aiki na tarar da shi a cikin motar koyo, a kujerar ɗalibi, hannu biyu a kan sitiyari. Na ce, "Baba, ka ɓata kujera." Ya ce, "Ban ɓata ba, Malama. Shigo ki zauna a tawa. Ɗalibi kika samu, kuma ya fi ki taurin kai."

A nan ya ba ni labarin. Yana saurayi ya je gwajin lasisin babbar mota. A tsakiyar gadar nan motar ta mutu masa. Ya tayar, ta ƙi. Motoci suka yi layi a bayansa, hon ta ko'ina, ga ruwa a ƙasa yana gani ta tsakanin ƙarafa. Mai gwajin ya karɓi sitiyarin ya ce masa, "Kai ba direban babbar hanya ba ne, ka tsaya cikin gari." Shi ke nan fa. Ba haɗari, ba jini, ba wanda ya hana shi komawa. Ya ce da ni, "Na tabbata kafin mutumin nan ya isa gida ya manta da ni. Ya ma daɗe da mutuwa. Ni ne na riƙe masa maganarsa fiye da shekara arba'in."

Na ce, "To Baba, ko bas ba ka shiga ba?" Ya ce ya gwada. Tun daga nesa da ya hango ƙarafan sai gumi ya jiƙa masa riga, ya sauka a tashar ƙarshe kafin gada. Ya ce, "Ki gaya mini, wace mota zan shiga a garin nan wadda direbanta ba ɗalibina ba ne? In zauna a bayansa ina kyarma yana kallona ta madubi?"

Abin da ya taso shi kuwa, ya kira gidan 'yarsa ne, jikarsa ta ɗauka. Ta ce wa ke magana, ya ce, "Kakanki ne." Ta ce, "A'a, kakanmu ga shi nan a falo." Kakanta na wajen uba take nufi. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, wanda ta sani ta faɗa.

Muka fara darasi. Makonni muna zuwa shataletale muna juyowa, hannunsa na kunna sigina kamar na kowannenmu. Wani lokaci ya yi fakin a gefen hanya ya kifa goshi a kan sitiyari, in jira shi, don shi ya koya mini cewa ba a hanzarta ɗalibi. Ranar da ya miƙe ya hau gadar, ban ma ankara ba sai da na ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashin taya. Kuma jama'a, a tsakiyarta motar ta mutu. Ƙafarsa ce ta zame daga kuloci. Hon ya tashi a bayanmu. Na miƙa hannu zan kama sitiyari, ya ce, "Janye hannunki." Direban tankar da ke bayanmu ya sauko a fusace, ya leƙo, ya ga ko wane ne. Ɗalibinsa ne. Abin da Baba ya yi shekaru yana gudu ya same shi ke nan. Mutumin ya dube shi, ya dubi rigar da ta jiƙe sharkaf, ya ce, "Sannu-sannu, Baba, na tare maka baya." Baba ya tayar da mota, ya sa giya, muka ƙetare.

Mun isa har layinku ranar, ƙanwata. Ya tsaya nesa da ƙofa, yana kallon shanyar kayan yara a kan igiya. Sannan ya ce, "Ban san abin da zan ce mata ba," ya juya muka dawo. Mako na gaba ya je shi kaɗai. Kin fi ni sanin yadda aka yi. Ya ce miki wucewa ya zo yi, kika kawo masa ruwa, kuka gaisa kamar baƙi. Bai fasa ba. Kowane ƙarshen mako sai ya ƙetare, har autarki ta fara hawa cinyarsa tana cire masa tabarau. 'Yan watanni ya samu yana wannan zuwan, sai ciwo ya kwantar da shi.

A asibiti ya kama hannuna ya ce, "Gada na iya, Malama, amma gaya wa Uwata ban iya ba. In na tafi ki faɗa mata. Ki faɗa a gaban ɗalibaina, su san malaminsu matsoraci ne, kada wani ya yi irin asarar da na yi."

Ban yarda da shi a kan kalmar nan ba. Ya kasance mai tsoro, haka ne, tsoron ya cinye masa shekarun da ba za su dawo ba, ya cinye miki ke ma. Amma na zauna a gefensa na ga tsoho cikin tsoro yana murɗa makulli, kuma ban taɓa ganin jarumtar da ta kai wannan ba.

Kwana biyu bayan rasuwarsa kin ja ni gefe a kicin, kika ce, "Yaya, ke da kika zauna da shi, har yau ban san abin da na yi masa ba." Ban gaya miki ba a lokacin, don na yi masa alkawarin sai a nan. To ga amsar. Ba ki yi masa komai ba. Bai taɓa fushi da ke ba, ko da mijinki, ko da gidanki. Kowace safiya ta shekarun nan sai ya kawo ɗalibi har shataletalen nan, bakin hanyar gidanki, ya dubi ƙetare, ya juya.

Muna godiya ga duk wanda ya bar aikinsa ya zo, da maƙwabtan da suka riƙa ƙwanƙwasa masa ƙofa, da ma'aikatan jinyar da suka kula da shi. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya sada shi da matarsa cikin rahama. Allah ya ba ƙaninsa da jikokinsa haƙuri. Ke kuma ƙanwata, Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sauke miki nauyin laifin da kika daɗe kina nema a kanki alhali babu shi. Amin.