Layi Ɗaya, Uba Biyu

A kan bencin ofishin rajistar haihuwa, can cikin duwatsun Humla a ƙasar Nepal, Yangzom na rungume da jaririyarta, wani tsoho da ba ta sani ba yana leƙen takardar hannunta.

"'Yata, kin bar gurbin uba ba komai."

"Layi ɗaya suka bayar, Baba, ni kuwa mazana biyu ne, wa da ƙani. Zuwana na uku ke nan."

"To rubuta babban mana. Haka kowa ke yi."

"Wangdu na can fatauci, ƙaninsa Kunsang ne ya goyo ni cikin ƙanƙara har gidan ungozoma. Sai ya koma baffa don takarda ta yi ƙunci?"

"Doka miji ɗaya ta sani. Ki yi ta taurin kai, yarinya ta rasa takardar shiga makaranta."

"Ko sau goma ne zan dawo. Wa ke zaɓe tsakanin idanunsa biyu?"

Tsohon ya yi dariya. "Oh, 'yan zamani! Mu uku muka auri tamu, sunan yayanmu aka sa, wa ya mutu? Yaron ma likita ne yanzu a Katmandu. Kunnuwana ne sak a kansa."

"Me yake kiran ka, Baba?"

Tsohon ya daɗe yana jan carbinsa.

Da aka kira lambarta, sai ya zaro alƙalami daga cikin rigarsa ya miƙa mata.

"Bakinsa siriri ne. Matse rubutun, layin zai ɗauki biyu."