Kwamfutar Malam Kyari

A rumfar mai gyara a Ngojin, Kashim direba yana jiran wayarsa. Wata dattijuwa kusa da shi ta ƙura wa tsohuwar kwamfutarta ido, an soka mata filash, ɗan abin da ake loda manhaja da shi.

"Hajiya, sabon windos ake sakawa?"

"Jikata ce ta matsa, wai ta cika nauyi wajen tashi. Ta marigayi maigidana ce, Malam Kyari."

"Allah ya jiƙansa. An dai kwashe hotuna? Fomat ba ya barin komai."

"Amin. An kwashe."

"Shi ke nan. Yanzu kina dannawa za ta tashi."

"Abin da ke damuna ke nan, ɗana. Da in ya kunna ta da safe sai ya ce, 'Yagana, kafin wannan ta farka mu sha shayi.' Mu sha, mu yi hira, har mu yi faɗa, ba ta gama tashi ba. Har yau nakan kunna ta, in zauna da kofina."

Kashim ya miƙe. "Mai gyara, dakata tukuna!"

"Bar shi, ɗana, yarinyar na da jarrabawa. Ni dai ban san yaushe zan riƙa shan shayin ba."