Gishirin Shinkafar Bikin Auta

A layin masu jiran gashin ciwon dajin maƙogwaro a wani asibitin Darussalam, Bi Zuhura mai girkin biki ta ga tsohon kusa da ita yana ta kurɓar ruwa.

"Baba, kai ma bakin ya bushe?"

"Ƙamas. Komai na ci kamar takarda."

"Ni jibi zan aurar da autata, ga shi ba na jin ɗanɗanon gishiri. Shekara talatin ina girkin bikin mutane, sai a nawa zan kunyata?"

"Da harshe kike awo ko da hannu?"

Ta dubi tafinta. "Da hannu. Ɗanɗanawar don idon jama'a ce."

"To, hannun aka gasa?"

Ta yi dariya har maƙogwaronta ya yi zafi. "Ka zo jibi."

"Zan zo. Ko buhun gishiri kika juye, ni dai yabawa zan yi."