Loma Uku Ga Mihret

A tashar motar garin Adama, Birtukan mai sayar da injera, wata faffaɗar waina da ake ci da hannu, ta tsaya tana kallon wani Bature yana yagar abincinta da cokali.

"Kai Bature, me injerata ta yi maka?"

"Yi haƙuri, Mama, hankalina ba ya nan. Daga Norway na zo gidan marayu ganin Mihret, yarinyar da zan ɗauka riƙo. Kwana uku ke nan, in na miƙa mata abinci sai ta kau da kai. Jibi za mu gaban alƙali, ina tsoron ba ta sona."

"Da cokali kake miƙa mata?"

"E mana."

"Haba! Ai magani ake ba yaro da cokali. Wanda kake so, da hannunka za ka naɗe loma ka sa masa a baki. Kuma ba ɗaya ba, sai uku."

"Kin tabbata za ta karɓa?"

Birtukan ta ɗauki faranti tana gogewa. "Shekara tara na yi a gidan marayu irin wannan. Da wani ya zo, da na buɗe baki." Ta tura masa buta. "Wanke hannu ka gwada a kaina tukuna, kada ka je ka shaƙe 'yar mutane."